Zomayen da Kika Tafi da Su Funtuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata da ta ci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Gwaggonki Hajara da mutanen gidanta baki ɗaya. Ya gajiyar hanya, ya baƙunta? Allah Ya sa kin sauka a sa'a, Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya sanya albarka a karatun jinyar da ya kai ki Funtuwa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kina jin sa a waya wajen Innarki. Ni waya ba ta yi mini. Da na ji muryarki sai duk abin da na shirya faɗa ya watse, in ƙare da tambayar ko kin ci abinci. Shi ya sa na ɗauko biro. Maganar 'yan zomayen nan biyu ce da kika tafi da su a kwali. Ranar da muka raka ki tasha na ga ƙanana ne, ba su daɗe da barin nono ba. Ban kai ga yi miki magana a kansu ba har mota ta tashi.

Kin san labarin zomanyarki Toka da 'ya'yanta, a gabanki aka yi. Amma kina yarinya a lokacin, kuma akwai abin da ya faru a hanya wanda ba ki gani ba. Bari in jero miki shi yadda ya kasance, da wuraren da na yi kuskure, don kada ki maimaita.

Safiyar da muka baro Ruma, bayan 'yan bindiga sun shiga unguwar da ke kusa da tamu, kowa abin da hannunsa ya kai ya ɗauka. Ni na ɗaure buhun gero a babur, Innarki ta ɗauki tukwane da tabarmi. Da na waiwaya sai na gan ki kin goya Toka da zane kamar jaririya, kunnuwanta kawai ake gani. Na ce ki sauke ta, ba lokacin wasa ba ne. Ba ki sauke ta ba. Innarki ta ce, "Malam, ƙyale ta. Kai ma ka ɗauki naka."

A Batsari, a ɗakin da wani ɗan'uwa ya ba mu aro a bayan gidansa, kika daina magana. In an tambaye ki sai ki ɗaga kai ko ki girgiza. Tuwo sai an yi da gaske kike kai loma baki. Wuni kike yi a gaban kejin da na haɗa da guntayen katako, kina kallon Toka. Ashe da ciki ta zo. Ranar da ta haihu kika shigo da sauri kika ja hannun rigata, kika ce, "Baba, zo ka gani." Ita ce magana ta farko da na ji daga bakinki tun barinmu gida. Na bi ki na tsuguna, ga 'yan abubuwa huɗu jajaye suna motsi cikin gashin da uwar ta tsige daga ƙirjinta. A raina na ce, da yardar Allah sai na raya miki su.

To, daga wannan niyyar kuskurena na farko ya fito. A Ruma zomayenmu harawa suke ci da busasshiyar ciyawa, don muna da ita jibge a kan rumfa. A Batsari ba ni da gona, ba ni da rumfa. Sai na riƙa bi ta wajen masu kayan miya da yamma ina kwaso ganyen kabeji da latas da suka zubar, jiƙe sharkaf, wani har ya fara yauƙi. In haɗa da dusa kwaɓaɓɓiya in cika musu kwano, a ganina gata nake yi musu. Ga shi kuma kejin ya yi musu kaɗan, sai na raba 'ya'yan da uwarsu tun suna fara tsintar abinci. Innarki ta ce, "Anya ba su yi ƙanƙanta ba?" Na ce ai ga su nan suna ci da bakinsu.

Uwata, cikin ɗan zomo ba ya son gaggawa, ba ya son canji. Abincinsa na gaskiya shi ne busasshiyar ciyawa mai tsabta da harawa, kada su yanke a gabansa. Ɗanyen ganye sai ya yi ƙwari, shi ma kaɗan-kaɗan, iri ɗaya a lokaci guda, ki ga yadda kashinsa zai kasance kafin ki ƙara. Wanda raɓa ta jiƙa ko ya kwana a ƙasa kada ki ba su. Dusa ɗan barbaɗe ya isa. Na ba direban da zai kawo miki takardar nan buhun harawar da suka saba ci a gida. Ki ci gaba da ba su ita, in za ki koma ta can ki riƙa cakuɗawa a hankali. Ke ma kin canza ruwa kin canza tuwo, ki bi jikinki a sannu.

Kuskure na biyu jira ne. Wata safiya na leƙa na ga ɗaya ya koma lungu ya dunƙule, gashinsa ya tashi, bai taso wa kwano ba. Na ɗaga shi na ga zawo ya ɓata masa gindi, cikinsa ya kumbura, in ka ɗan motsa shi kana jin ruwa na kaɗawa kamar a gora. Yana ta cizon haƙora a hankali. Na ce ƙila cin da ya yi ne ya yi yawa, a bar shi zuwa gobe a gani. Na tafi neman aikin lebura. Kafin in dawo da la'asar ya mutu, wasu biyu kuma sun kwanta. Na tarar kin haƙa ɗan rami a gindin katanga da cokali, kin rufe shi, kin zauna a wurin. Ba ki yi kuka ba. Da kin yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Akuya ko tunkiya ana iya ce mata a gani zuwa gobe. Ɗan zomo ba shi da wannan lokacin. Yana ɓoye ciwo, kafin ki lura ya riga ya yi nisa. Kullum da safe, kafin ki fita makaranta, ki duba ƙarƙashin keji. Kashin lafiya ƙwaya-ƙwaya yake, a bushe. In ya zama ruwa, ko ya fito da yauƙi kamar majina, ko ya ƙanƙance, ko babu shi sam, ko zomo ya yi rabin wuni bai taɓa abinci ba, ki ajiye duk abin da kike yi. Ki taɓa kunnensa. In ya yi sanyi ki naɗe shi a tsumma ki sa shi a jikinki, ki ware shi daga ɗan'uwansa, ki nemi likita a ranar.

Na uku kuwa, garin neman gyara na yi shi. Da na ga biyun nan sun kwanta sai na shiga wani kemis na ce a ba ni maganin zawo. Ban ce na zomo ba ne, don akwai mutane a tsaye. Aka ba ni kafso irin wanda ake ba mutane. Na fasa, na jiƙa garin, na ɗura musu da cokali, ke kina riƙe mini su. Washegari duk biyun suka tafi. Allah ne Ya san ko da ma kwanansu ya ƙare, amma daga baya na ji cewa akwai magungunan mutane da in suka shiga cikin zomo suke kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci, ciwon ya ƙaru. Har wasu na shanu da awaki haka suke yi masa. Yanzu da za ki fara sanin sunayen magunguna, za ki ji kamar kin iya. Kada ki gwada a kansu, kada ki bari wata ƙawa ta gwada. Abin da ya warkar da ke zai iya kashe su.

Saura ɗaya, ƙaramin cikinsu, wanda kika sa wa suna Auta. Ba a jima ba shi ma ya ƙi abinci. Ke ma kika ƙi. Innarki ta same ni a zaure ta ce, "Malam, ka kai shi wajen likitan dabbobi."

Na ce, "Mutane sun rasa shanu garke-garke, an rasa rayuka, ni in shiga cikinsu da ɗan zomo a kwali? Mi za a ce da ni?"

Ta ce, "Kai zomo kake gani. Leƙa ka dubi ɗiyarka."

Na leƙa. Kina zaune kin jingina kai da keji, kwanon kununki ƙudaje na bi. Kunyar nan ita ce kuskurena na huɗu, kuma ita ta haifi na uku, don da tun farko na buɗe baki na tambaya da ban shiga kemis ba.

Ranar kasuwa ce. Na nufi kara, inda ake cinikin shanu, don na san Malam Bello malamin dabbobi yana wuni a can. Abin da na ji tsoro ya faru. Da na buɗe kwalin wani dillali ya ce, "Malam, wannan ai ko romo ba zai yi ba." Aka yi dariya. Malam Bello bai yi ba. Ya wanke hannunsa, ya latsa cikin Auta a hankali. Sannan ya ce, "Gaskiya, Malam Iro, aikina shanu ne da awaki. Abin da ke jakata zai iya ƙarasa shi. Amma akwai wata likita a Safana, Dakta Rabi, ita ta san zomaye. Ka tafi yanzu, kada ka kwana da shi." Ya ciro waya zai kira ta, babu sabis, lokacin nan ne da aka yanke mana layi.

Kin san yadda hanyar take a wancan lokacin, ba mai binta in rana ta karkata. Ban koma gida ba, na aika aka gaya wa Innarki. Na fitar da Auta daga kwali na naɗe shi a tsumma, na sa shi cikin rigata a ƙirji, na ɗaure da rawani, na hau babur. Duk lokacin da na hango babura a gaba sai in rage gudu in yi ta salati har mu gitta. Gefen hanya ga gonaki irin namu, dawa ta nuna ta sunkuya, babu mai yanka. Ban taɓa jin kewar Ruma kamar ranar ba. Na tuna gonarmu ta bakin rafi, da ku kuna biye da ni kuna tsintar gyaɗa, da yadda kike cika zanenki da ciyawa saboda Toka. Ina tafe ina jin bugun zuciyarsa a jikina, ƙarami, da sauri, sai in ce to, yana nan.

Da na isa Safana aka ce likita ta tafi Zakka rigakafin tumaki. Komawa ba ta da amfani. Na wuce. Na same ta a ƙarƙashin wata tsamiya, makiyaya sun yi layi da dabbobinsu. Na tsaya a ƙarshe, hannuna a ƙirji. Wani dattijo Bafulatani da ke gaba ya dube ni ya ce, "Lafiya, Malam? Ƙirji ne?" Na buɗe masa rigar ya gani. Na jira dariya. Sai ya ce, "Na yarinya ne?" Na ce na ɗiyata ne. Ya ja sandarsa gefe, ya yi wa na gabansa magana da Fulatanci, suka buɗe mini hanya. Ya ce, "Wuce. Tumakina ba inda za su." Ban san sunansa ba, amma har yau ina sa shi a addu'a.

Dakta Rabi ba ta fara da allura ba, da tambaya ta fara. Yaushe aka haife shi, yaushe aka raba shi da uwa, mi yake ci, yaushe ya yi kashi na ƙarshe, mi aka ba 'yan'uwansa. Na faɗa mata komai, har kafson. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce dai, "Baba, kada a sake." Ta auna nauyinsa, ta ɗumama ruwan magani a tafin hannunta ta sa masa a ƙarƙashin fata, ta yi masa allurar rage zafin ciki. Ta karɓi tsumman da ya ɓata ta ce za ta duba kashin a madubin likita in ta koma ofis, don akwai ƙwayar cutar da ke zama a kejin da ba a sharewa, ita ta fi kama ƙanana. Ta ba ni maganin ruwa daidai nauyinsa da sirinji marar allura, ta nuna mini yadda za a daka harawa a jiƙa a riƙa ɗiga masa ta gefen baki, yana zaune a kan ƙafafunsa, ba a kwance rigingine ba. Ta ce a wanke keji da tafasasshen ruwa a shanya a rana, a ɗaga ƙasansa yadda kashi zai riƙa zubewa, a riƙa canza ruwan sha kullum.

Na ce, "Likita, zai tashi?"

Ta ce, "Ba zan yi maka alkawari ba. Ƙanana irin wannan da yawa ba sa tashi. Amma da sauran ƙarfinsa. Kama hanya tun da rana, Baba."

Na iso Batsari ana shirin kiran magariba. Kina tsaye a ƙofar gida, Innarki ta ce tun azahar kike wurin. Na kwance rawani na miƙa miki shi, na maimaita miki abin da likita ta ce. Sau ɗaya na faɗa, kika riƙe. Daga ranar ban sake taɓa sirinjin ba. Ke kike daka harawa, ke kike ɗiga masa, ke kika wanke keji. Ya yi kwanaki tsakanin tafiya da zama. Sai wata safiya ina alwala kika zo kika buɗe mini tafin hannunki, ga 'yan ƙwayoyi baƙaƙe a bushe. Kika ce, "Baba, ya yi kashi." Innarki ta yi dariya har ta dafa bango. Ranar kika cinye kwanon tuwonki kika nemi ƙari. Biyun da ke wajenki yanzu jikokin Autan nan ne, shi ya sa nake jin su a raina fiye da yadda ya kamaci dattijo irina.

Saboda haka ga abin da na fi so ki yi, tun suna lafiya. Cikin makon nan ki roƙi Gwaggonki ta raka ki asibitin dabbobi na garin. Kada ki tambaya ko suna duba dabbobi, kowa zai ce e. Ki tambaya ko akwai wanda ya saba duba zomaye. In ya yi dariya, ki yi godiya ki fita. In ya ciro allura bai tambaye ki komai ba, bai auna nauyi ba, ki ɗauki abinki. In ya ce bai sani ba amma ga wanda ya sani, wannan mutumin kirki ne, ki bi maganarsa. Ki tambayi masu kiwon zomo na unguwa wajen wa suke zuwa. In kin samu, ki karɓi lambarsa, ki san hanyar gidansa da ranakun da ba ya nan, don ciwo ba ya duba ko ranar aiki ce. In za ki je da marar lafiya, ki tafi da ɗan kashinsa da samfurin abin da yake ci. Kuma ki sani, kina iya yin duk wannan Allah Ya karɓi abinsa. In haka ta faru ki yi kuka, ki kira mu, kada ki zauna shiru a gindin katanga.

Wannan ita ce damuwata ta gaskiya, Uwata. Halina kika ɗauko. Ba kya son a ga kin gaza, ba kya son ki dami mutane, in abu ya dame ki sai ki haɗiye. A nan gida Innarki tana gane ki daga yadda kike ajiye kwano. A can babu wanda ya san ki haka. In karatu ya yi tsauri ki je wajen malamarki tun kafin jarrabawa. In jikinki ya yi ba daidai ba ki faɗa wa Gwaggonki a ranar. In wani abu ya tsorata ki a hanya ko a makaranta, kada ki tsaya tunanin mi za a ce. Na ji dariyar mutane a kara, ban mutu ba, kuma yau ban ma tuna fuskar wanda ya yi ta.

Gidan ya yi mana faɗi. Ƙannenki suna makaranta, in sun fita sai mu zauna ni da Innarki kowa yana jiran ɗaya ya fara magana. Jiya na dawo masallaci na yi sallama, na tsaya ina jiran muryarki ta amsa daga tsakar gida, har Innarki ta leƙo ta ce in shigo mana. An ce hanyar Ruma ta ɗan yi sauƙi, wasu sun fara komawa noma da rana. Ina so in je in ga ko mangwaron da muka dasa tare ya rayu, amma na ce sai kin zo hutu, in Allah Ya kawo zaman lafiya, mu je mu gani tare.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki girmama Gwaggonki da mijinta, ki taya ta aiki ba sai ta ce ba. Kada ki yi tafiyar yamma, in za ki zo gida ki fito da sassafe, ki shiga motar tasha. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane, Ya ba ki abokan zama nagari, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya dawo mana da ke muna raye.

Ƙannenki suna gaishe ki. Innarki tana zaune kusa da ni tun da na fara rubutun nan, ta ce lallai in rubuta miki cewa ita ba ta kuka, hayaƙin murhu ne. To, na rubuta. Ba a hura wuta ba tukuna.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki mai kewarki,
Malam Iro,
Batsari.